Waya Ce Ta Tsufa

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikin asibitin nan naku da ba ya ƙarewa. Yaya labarin iyali? Har yanzu suna can kai kana nan, ko an tausaya maka an mayar da kai kusa da su? Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan da halinta. Kunne kuwa ya ƙara nauyi, har ta kai in mutum ya yi mini magana a hanya sai in gyaɗa kai kawai, ko zagina ya yi in ce amin.

Innarka ce, in ka manta rubutuna. Ni da marigayiya mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma ni na laƙaba maka Dogo lokacin da duk yaran dangi suka fi ka tsawo. Na faɗa ne don na ga an jima ba a ji ɗuriyarka ba, kada ka ɗauka wata tsohuwa ce ta yi ɓatan adireshi.

Za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Mijin maƙwabciyata direba ne, yana kai kaya garinku, shi na roƙa ya miƙa maka a ƙofar asibiti. Abin da ya sa kuwa, 'yar wayata ce ta mutu. Na sa ta caji a soket ɗin falo, ina ninke wanki sai na ji ƙauri kamar an jefa roba a garwashi. Kafin in kai hannu bakin soket ya yi baƙi ƙirin, ita kuma ko motsi. Dama ba wani jin maganar cikinta nake yi ba, amma dai in ta yi ƙara nakan san an tuna da ni.

Na aika aka kira mai gyaran wutan da ke bakin kasuwa. Ya zo ya dudduba, ya hau tsani ya leƙa silin, ya sauko yana kaɗe ƙura. Ya ce, "Inna, ai waya ce ta tsufa. Wannan ta wuce gyara, sai an canza ta gaba ɗaya." Na ce to ni ma na tsufa, ba wanda ya canza ni. Bai yi dariya ba, mutumin ba shi da fara'a.

Shi ne na ce bari in gaya maka, tunda kai ne ka rage mini wanda zan gaya wa abu. Amma ba abin tayar da hankali ba ne, kada ka soma mini zancen nan naka na in tattara in koma wurinka. Gidan nan lafiyarsa ƙalau. Marigayi mijina, Mai Rediyo, nan ya kawo ni nan ya bar ni, kuma nan nake so a zo a same ni.

Ka gaida mutanen gidanka in kun yi magana.

Innarka.

*

Inna,

Amin wa alaikumus salam. Na ga takarda, kuma wallahi na ji kunya. Ina zan manta rubutun da ya koya mini nawa? Lafiyata lau, sai gajiya. Iyali suna can har yanzu, ba a ce komai kan canjin wurin aikin ba. Yaran kan kira ni su ce Baba yaushe, in ce musu an kusa.

Ina rubuta wannan a tsaye ne a ɗakin gwajin jini, kwalabe sun cika tebur suna jirana, ki yi haƙuri da rubutun. Maganar waya an gama. Gaskiyar mai gyaran ne, waccan ta daɗe da cin lokacinta, tun ina ganinta da roba ɗaure a ƙugu. Ga sabuwa nan na ba Direba a cikin kwalinta. Na sa miki lambata, na rubuta Dogo da manyan baƙaƙe, na ƙure mata ƙara. In an kira kuma fuskarta duka takan haska, ko ba ki ji ba za ki gani. Ki sa ta caji ta cika kafin ki soma amfani da ita.

Kin hana ni zancen, to ba zan yi ba. Sai dai ki sani ɗakin nan yana nan a share, ba kowa a ciki sai akwatuna biyu. Gidan sama ne, amma matakalar ba ta da tsawo.

Ina jiran kiranki.

Ɗanki, Dogo.

*

Dogo,

Sallama da gaisuwa. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya yi maka albarka ya raya maka zuriya. Lafiya lau nake, in ban da cikina da ya ƙulle don dariya. Direba ya tsaya yana kallona, ya ɗauka kukan murna nake yi.

Na yi shekara da shekaru ina koya wa 'yan aji ɗaya karatu. Na ga masu tsallake harafi, na ga masu tsallake layi, amma mai tsallake tsani sukutum sai a kanka. Dogo, wa ke hawa tsani ya leƙa cikin silin don ya duba wayar kira? Wayar wuta nake nufi, wadda ke cikin bango da rufi. Haka kake karanta jinin mutane? Allah ya tsare bayinsa.

Wayar dai kyakkyawa ce. Tana cikin kwalinta a ƙasan zannuwana, don ba zan miƙa ta ga soket ɗin da ya cinye 'yar'uwarta ba.

Tunda abin ya kai haka, bari in faɗa maka yadda gidan yake, amma ka karanta a zaune. In na taɓa murfin firij da jiƙaƙƙen hannu, wuta takan ja ni har gwiwar hannu, shi ya sa nake buɗe shi da tsumma. In na jona dutsen guga, fitilun gidan duk sai su yi ja kamar masu jin barci. Soket ɗin kicin kaɗai ya rage mai aiki, a nan na haɗa firij da rediyo da butar dafa ruwa, shi ma in an jima yakan ɗau zafi. Mai gyaran wutan ya ciro mini guntun wayar silin ya murza a tafinsa, rigarta ta zube kamar busasshen ganye. Wai ɓeraye ma sun ci rabonsu. Da ya buɗe akwatin fis sai ya yi salati. Ka san Mai Rediyo shi ya ja wa gidan nan wuta da hannunsa tun farkon aurenmu, don a ganinsa wanda ya iya cikin rediyo ba abin da zai gagare shi. Fis ya dame shi da yawan tsinkewa, sai ya ɗaura masa wata waya mai kauri, ya ce yanzu ya ga ta inda zai tsinke. Bai kuwa sake tsinkewa ba, mun yi ta yaba masa. To wai ashe tsinkewar ita ce aikinsa, in abu ya ɓaci ya yanke wuta kafin gida ya kama.

Saura abu ɗaya, kuma kada ka yi mini dariya. Ka tuna ƙwan fitilar da ke 'yar hanyar shigowa, tsakanin ƙofar waje da falo? Tun da aka sa shi, in an turo ƙofa da ƙarfi yakan ƙifta. Mai Rediyo bai taɓa rufe ƙofa a hankali ba. In ya taso daga shago da yamma, ina kicin, ƙiftawar nake fara gani a bango kafin in ji sallamarsa, sai in ce sannu da zuwa. Yanzu da ba ya nan, iskar yamma takan girgiza ƙofar, ƙwan ya ƙifta, ni kuma bakina ya riga ya saba. Na san iska ce, ban haukace ba. Amma akwai ranakun da wannan sannu da zuwan ita ce kaɗai maganar da ke fita daga bakina.

Na gaya wa mai gyaran, ko da za a yi aikin, wannan ƙwan da wayarsa ba a taɓa mini su. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce na gama.

Ga yadda ake ciki. Ka yi tunani a tsanake, ba gaggawa.

Innarka.

*

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya gwiwa, ya kunne. Ni ina nan.

Shiru. Na kira wayar nan har na gaji, kullum a kashe. Direba bai shigo garin nan ba, da na neme shi ya ce motarsa tana gareji an sauke injin, amma matarsa na ganin ki kina share ƙofar gida. Na gode Allah da wannan. Wannan takardar wani abokin aikinsa na ba.

To in lafiya kike, me na yi? Ko wayar ce ba ta yi miki ba? Ko zancen ɗakin da na sako a ƙarshe ne ya ɓata miki rai? In shi ne, na janye.

In na tashi aiki nakan dawo in tarar da gidan yadda na bar shi, kofin safe yana inda na ajiye. Sai in zauna in danna lambarki, matar nan ta kamfani ta gaya mini a kashe take. Har na saba da muryarta, in ta yi jinkirin magana sai in ce ko ke ce.

Ki kunna ta, ko faɗa ne ki yi mini.

Dogo.

*

Inna,

Yanzun nan Direba ya miƙo mini takardarki, duk ta sha baƙin mai. Ashe tana aljihun motar tun da aka kai ta gareji. Yana tsaye a waje injin na aiki, ba zan tsawaita ba.

Na karanta. Inna, firij yana jan ki kina buɗe shi da tsumma, kuma kike ce mini ba gaggawa? A nan asibitin ina ganin waɗanda ake kawowa wuta ta ja su.

Ki kashe babban makunnin da ke gefen mita yau ɗin nan, kada ki sake kunna shi ko don mene ne. Ki haɗa kayanki duka wuri ɗaya. Zan turo mutane da mota. Gidan nan yadda yake ba wurin kwanan mutum ba ne. Wannan karon ba shawara nake ba ki ba, ki yafe mini.

Dogo.

*

Zuwa ga ɗan 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ina fatan kai ma haka.

Takardunka biyu sun zo kusan tare. Ta farko ta sa ni ƙwalla, ta biyu ta busar da ita. Direba ya yi ta sintiri yana tambaya ko akwai amsa, ina ce masa babu. Da ka kira matarsa, abin da na ce ta gaya maka ke nan, ba ni da ta cewa. Yau dai na ga shirun ya fi cutar da ni a kan kai, shi ya sa na ɗauki biro.

Rabin umarninka na bi. Na taka kujera na ja babban makunnin ƙasa, tun ranar ban sake taɓa shi ba. Ba don ka ce ba, don ni ma na san gaskiya ce. Na kwashe abin da ke firij na ba maƙwabta, na wanke shi na bar shi a buɗe. Ina dafa ruwa a risho. Kafin rana ta faɗi nakan gama komai, in ajiye tocila kusa da matashi.

Ban san gidan nan yana da surutu ba sai da ya yi shiru. Duk da nauyin kunnena, ashe ina jin gurnanin firij ta ƙafafuna, ina jin fanka a fatata. Rediyon da nake ƙure wa murya yana ta yi ni ina ta aikina, yanzu ya zama akwati. Da yamma iska takan girgiza ƙofar kamar yadda ta saba, in ɗaga kai in dubi ƙwan, ba komai. Kewa nake ji, Dogo, irin wadda ban ji ba tun makon da aka fita da gawar Mai Rediyo.

Ɗaya rabin kuwa ban bi ba, kuma ba zan bi ba. Ko cokali ban ɗaga daga inda yake ba. Mutanenka sun zo. Na hango su ta taga, maza biyu da motar ɗaukar kaya, sun ja ta har bakin ƙofa. Na sa sakata na zauna. Sun yi ta bugu suna ɗaga murya, abin da na iya tsinta a ciki kawai "kaya, kaya". Na ce a raina ku yi ta yi, kayan nan sun riga ku zuwa gidan. Da suka gaji suka tafi.

Bari in faɗa maka a fili, tunda in na sakaya ba ka ganewa. Abin da ya sa tun farko na ce ba abin tayar da hankali ba ne, tsoron wannan ranar nake yi. Na san ka da kirki, kirkin naka ne ma yake ba ni tsoro. Za ka kai ni gidan sama ka ajiye ni kusa da akwatunanka biyu, ka fita tun safe, in zauna ina kallon rufin mutanen da ban sani ba. A nan ko ban ji abin da ake faɗa ba, na san bakin kowa. Na san inda rana ke sauka a tsakar gida a kowane lokaci na shekara. Ban haifa ba, ban tara komai ba, gidan nan shi ne abin da za a nuna a ce na yi zaman duniya.

In zaɓin shi ne duhu a nan ko haske a wurinka, na zaɓa, kuma ina cikinsa. Kada ka sake turo mota.

Innarka, in har yanzu ana jin maganarta.

*

Innata,

Assalamu alaikum. Lafiyata lau, sai dai tun da na karanta takardarki abinci bai yi mini daɗi ba. Wannan karon a zaune nake rubutu, na kuma rufe ƙofa.

Inna, ashe abin na gida ne. Ni na tsallake tsani, ke kuma kin tsallake abin da ke bayan mota. Da kin leƙa da kyau da kin ga naɗin sababbin wayoyi da bututun roba da akwatin makunnai. Ma'aikatan wayarin ne, wato masu ja wa gida wayar wuta, abokan aikin mai gyaran wutan nan naku, matar Direba ta samo mini lambarsa, shi ya haɗa ni da su. Ranar ya tafi wani aiki, shi ya sa ba ki ga fuskar da kika sani ba. Cewa suke yi ki buɗe su sauke kaya. Da na ce ki haɗa kayanki wuri ɗaya, nufina a janye su daga jikin bango zuwa tsakiyar ɗaki a rufe da zani, don za a fasa bango, ƙura za ta tashi. Laifina ne. Na rubuta kamar mai ba da umarni a ɗakin gwaji, ban sake karantawa ba. Tun farko ma da kin ce wayarin da ba mu sha wannan wahalar ba, amma na san abin da za ki ce, ban isa in gyara wa malama magana ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ina so ki zo. Ranar da Mama za ta rasu ta ce in riƙe ki, kuma na daɗe ina gaya wa kaina don ke nake share ɗakin nan. Da na karanta takardarki na gane rabin abin don ni ne. Ina so in turo ƙofa in tarar da mutum. Amma wannan damuwata ce, ba a kanki za a sauke ta ba. Gida naki ne. Ba mai fitar da ke, ba ni ba, ba kowa ba. Aikin nan ma don ki zauna ne.

Saura maganar da ta fi nauyi. Na tambayi mai gyaran game da ƙwan nan. Ya ce ƙiftawar alama ce ta haɗin da ya saki a cikin silin, duk lokacin da ya ƙifta tartsatsi ne yake tashi a jikin katako. Ya ce in an canza ko'ina aka bar wannan, kamar ba a yi komai ba, kuma shi ba zai sa hannunsa a irin wannan aikin ba. Na so in ce su canza a ɓoye su gaya miki ba su taɓa ba, amma da yammar farko za ki gane, kuma ba za ki sake yarda da ni ba.

Saboda haka roƙo nake yi. Ba zan iya barin ki a duhu ba, ba kuma zan iya mayar miki da wuta a kan wannan haɗin ba. In kin yarda, ki gaya wa matar Direba, za su zo. In ba ki yarda ba, ban san yadda zan yi ba, Inna.

Na nemi hutu ba a ba ni ba tukuna.

Ɗanki, Dogo.

*

Dogo,

Amin wa alaikumus salam. Ina lafiya, gwiwa da sauƙi. Ƙura ce dai ta sa ni tari, shi ma ya lafa. Ina fatan ka koma cin abinci, don in ka rame ba abin da zai rage, dama ba tsawo.

Ni ban san wani wayarin ba. Waya dai waya ce, ku ne kuka ɗauki sunan kuka ba abin aljihu. Amma na karɓi rabona na laifin. Da mutanen suka dawo na ba su haƙuri, babbansu ya ce ba komai, an taɓa sakar musu kare ma.

Ban amsa da wuri ba, ka sani. Na yi kwanaki ina zagaya 'yar hanyar nan ina kallon ƙwan. Ranar da na yanke shawara, na tsaya a ƙarƙashinsa na ce, Mai Rediyo, ka yi haƙuri, ko kai ko gidan. Na san abin da zai ce, shi da ko ƙusa ba ya yarda a buga a bangon nan ba da saninsa ba.

An yi aikin. Sun janye komai tsakiyar ɗaki, yadda wani ya so ya faɗa bai iya ba. Sun zare tsohuwar wayar kaf, sun ja sabuwa a cikin bututu. Kowane ɗaki da layinsa, kicin ma nasa daban. A wurin fis sun kafa akwati mai ƙananan makunnai a jere, wai in abu ya ɓaci da kansa zai faɗi, ni kuwa ba ruwana da ɗaura masa komai, in cire abin da na jona in kira su. Sun saukar da shi daidai tsawona, ba sauran taka kujera. Sun kafa wani ƙarfe a ƙasa bayan kicin suka ɗaura masa waya, wai ta nan wutar da ta ɓace hanya za ta bi maimakon ta hannuna. Na buɗe firij da hannu tsirara, ban ji komai ba sai sanyi.

Kwanakin nan gidan ya cika. Bugu, ƙura, gardamar ƙwallo, wannan ya ce miƙo wannan ya ce riƙe. Na yi ta dafa musu shayi ina yi musu faɗan takalma. Har mai gyaran nan marar fara'a sai da na ga haƙoransa. Na so aikin ya ƙara ko da yini ɗaya ne, har na ce ko za su duba fankar ɗakin baya, suka ce sun riga sun duba.

Haɗin Mai Rediyo shi suka bari ƙarshe, na ga kamar da gangan. Da suka ɓalle silin wurin, babbansu ya kira ni ya haska mini. Dogo, katakon da ke saman ƙwan ya zama gawayi, faɗin tafin hannu biyu. Ya sa yatsa, yatsan ya shige. Duk sannu da zuwan da na yi, wuta ce take cin gidan a saman kaina. Na nemi kujera na zauna. Ba wanda ya ce mini ai mun gaya miki, Allah ya saka musu.

Na ce su yanko mini haɗin. Ga shi nan cikin ambulan, na naɗe a ƙyalle. Ka aiko mini waya, ni ma ga tawa. Dubi yadda ya murɗa ta, ya naɗe da baƙin salatif, ya ƙara ɗaurewa da zaren ɗinkina don kada ta kwance. Aikin banza ne, amma da zuciya ɗaya ya yi shi. Ka ajiye mini a wurinka, in yana nan zan yi ta kallonsa.

Sabon ƙwan fari ne tas, har ƙurar lungu yana nunawa. Da suka tafi na turo ƙofar da ƙarfi, na sake turowa. Ko gezau. Na ci abincin yamma ban yi magana da kowa ba, kuma ba zan ce maka ban yi kuka ba.

Washegari na fito da wayarka na sa ta caji, matar Direba ta kunna mini. Na ajiye ta a kan teburin falo na shiga kicin. Wajen faɗuwar rana, ina yanka albasa, sai na ga haske ya motsa a bango. Kafin in san abin da nake yi bakina ya riga ya faɗa. Da na fito na ga sunanka da manyan baƙaƙe. Na ɗauka na kara a kunne, na ji kamar ana magana a cikin rijiya, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Kai ma na san ka yi ta cewa Inna, Inna, har ka gaji ka kashe. To ina nan, ina riƙe da ita.

Saboda haka ga abin da nake so. Takarda kada ka daina, a nan nake jin ka, kuma ka riƙa karanta tawa a zaune. Amma in ka taso daga aiki ka turo ƙofarka, kafin ka ajiye jaka, ka danna lambar nan. Ba sai ka ce komai ba. Na mayar da teburin daidai inda hasken zai kai bangon kicin. In ta haska zan ɗauka in ce sannu da zuwa, kai kana da kunnen ji.

Innarka.